Dalilan Canjin Hasken Tsofaffin Manyan Taurari Kafin Fashewarsu: Misali daga Tauraron Betaljus

1.0 Gabatarwa

Daga watan Oktoba na shekarar 2019 zuwa tsakiyar watan Fabrairu na 2020, ɗaya daga cikin taurarin da suka fi haske a sararin samaniya, watau Betaljus, ya yi ta dushewa har haskensa ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku na yadda aka saba ganinsa. Duk wanda ya san tauraron, in ya ɗaga kai da dare, zai ga ya sauya, ba sai ya nemi na'ura ba. Nan da nan magana ta bazu a jaridu da gidajen rediyo cewa tauraron ya kusa fashewa. Amma kafin watan Afrilu ya ƙare haskensa ya komo, kuma bai fashe ba.

Wannan al'amari ya farfaɗo da wata tsohuwar tambaya a tsakanin masana ilmin taurari: mene ne ke sa hasken tsohon babban tauraro ya riƙa ƙaruwa yana raguwa, kuma shin wannan canji alama ce ta kusantowar ajalinsa? Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bi dalilan ɗaya bayan ɗaya, ta rarrabe waɗanda ke tasowa daga gangar jikin tauraro da waɗanda ke tasowa daga cibiyarsa, domin a kan wannan rarrabewa ne amsar tambayar ta rataya. Za mu riƙe Betaljus a matsayin babban misali, sa'an nan mu kawo wasu taurari da aka ga halinsu kafin su fashe.

1.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

Kafin mu shiga cikin bayani, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi. Sufanoba ita ce fashewar da ke kawo ƙarshen tauraro, inda haskensa kan kai na ranaku miliyan ɗaruruwa ko fiye na tsawon makonni. Iri-iri ce, amma wadda ta shafe mu a nan ita ce ta tauraron da nauyinsa ya ninka na rana aƙalla sau 8. Jan ƙato, jam'i jajayen ƙatti, shi ne irin wannan tauraro in ya tsufa ya kumbura, fuskarsa ta huce ta yi ja. Cibiya ita ce tsakiyar tauraro inda ake samar da zafi, gangar jiki kuwa ita ce tarin iskar gas da ta lulluɓe cibiyar. In muka ce ƙuna, muna nufin haɗewar ƙananan ƙwayoyin zarra su zama manya, wanda ke fitar da zafi mai tsanani, ba ƙuna irin ta itace ba.

Masana suna auna hasken tauraro da ma'aunin da ake kira daraja, wanda ke tafiya a juye: gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon yawan haske. Bambancin daraja 1 na nufin ninki kusan 2.5, bambancin daraja 5 kuwa ninki 100 ne.

2.0 Yadda Babban Tauraro ke Tsufa

Rayuwar tauraro kokawa ce tsakanin ƙarfi biyu. Nauyinsa na janyo komai zuwa tsakiya, zafin cibiya kuma na tunkuɗo komai zuwa waje. Muddin akwai abin ƙonawa a cibiya, kokawar kan tashi canjaras. In wani makamashi ya ƙare, sai cibiya ta matse, zafinta ya ƙaru, har tokar ƙunar farko ta zama makamashin ƙuna ta biyu. Ga tauraron da ya ninka rana sau 20 a nauyi, lissafin masana ya nuna matakan kamar haka:

(a) ƙunar haidurojin, kimanin shekara miliyan 8;
(b) ƙunar hiliyam, kimanin shekara miliyan 1;
(c) ƙunar kabon, kimanin shekara 1,000;
(d) ƙunar niyon, ƙasa da shekara 1;
(e) ƙunar oksijin, kimanin shekara 1;
(f) ƙunar silikon, kwanaki kaɗan, ba ta wuce mako biyu.

Abin lura a wannan jeri shi ne yadda kusan kowane mataki, in ban da ƙunar oksijin, ya fi na bayansa gajarta nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne, daga ƙunar kabon zuwa gaba, zafin cibiya kan doshi digiri miliyan 1,000 ya wuce, kuma a irin wannan zafi yawancin ƙarfin da ake samarwa kan fice a siffar wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino, waɗanda ke ratsa jikin tauraro kamar babu komai a gabansu. Cibiya ta zama kamar tulu mai yoyo, dole ta ƙona makamashinta da sauri kafin ta iya riƙe kanta. Ƙunar silikon kan bar ƙarfe, shi kuwa ƙarfe ba ya ba da zafi in an haɗe shi. Da zarar curin ƙarfen ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na nauyin rana, sai ya rufta cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, daga nan sufanoba ke tashi.

Tun bayan ƙarewar haidurojin a cibiya, gangar jiki takan kumbura matuƙa. Betaljus, wanda sunansa ya samo asali daga Larabci, Yadul Jauza'i, watau hannun Jauza'u, ya ninka rana sau 15 zuwa 20 a nauyi, amma faɗinsa ya ninka nata fiye da sau 700. Da za a ajiye shi a gurbin rana, da ya haɗiye duniyarmu da duniyar Mas. Zafin fuskarsa kimanin digiri 3,600 ne a ma'aunin Kelbin, na rana kuwa kimanin 5,800. Nisansa daga gare mu shekarar haske 500 zuwa 700 ne, ke nan dushewar da aka gani a 2019 ta auku tun ƙarnuka da suka wuce, saƙonta ne bai iso ba sai a lokacin. Wani jan ƙaton da malaman hisabi suka sani shi ne Kalbu, jan tauraron da ke ƙirjin Kunama, wanda Turawa ke kira Antaris.

Wannan kumburi na da sakamako biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, in aka raba nauyin Betaljus a kan girmansa, kaurin iskarsa bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na iskar da muke shaƙa ba. Na biyu, ƙarfin janyowa a fuskarsa kusan kashi ɗaya cikin 1,000 ne na wanda muke ji a doron ƙasa. Ashe ke nan gangar jikin jan ƙato sako-sako take, riƙon da tauraro ya yi mata ba mai ƙarfi ba ne, abu kaɗan ke motsa ta. Dalilai uku na farko da za mu kawo duk daga nan suka taso.

3.0 Dalilan da ke Tasowa daga Gangar Jiki

Hasken da tauraro ke bayarwa ya dogara ne a kan faɗin fuskarsa da zafinta. In faɗin tauraro ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, haskensa zai ƙaru da kusan kashi 10. In zafin fuska ya ragu da kashi 5 cikin 100, haske zai ragu da kusan kashi 19. A wajen jajayen ƙatti ragin da ido ke gani ya ma fi haka, domin in fuska ta ɗan huce, sinadarin taitaniyam kan haɗu da oksijin a saman tauraron, wannan haɗi kuwa na tsotse hasken da ido ke iya gani. Saboda haka duk abin da ya taɓa faɗi, ko zafi, ko ya gitta tsakaninmu da fuskar tauraro, zai canja haskensa.

3.1 Numfashin Tauraro

Dalili na farko shi ne kumbura da motsewa a kai a kai, abin da za mu kira numfashi. Tun 1836 John Herschel ya lura cewa hasken Betaljus ba ya tsayawa wuri ɗaya. Arthur Eddington ne ya kawo bayanin cewa dole akwai wani sashe a cikin irin waɗannan taurari da ke aiki kamar murfi, sa'an nan a 1953 Sergei Zhevakin ya nuna cewa murfin yana a inda zafi ke tuɓe wa ƙwayoyin gas lantarkinsu.

Misalin abin shi ne tukunyar da ke tafasa da murfi a kanta. Tururi kan taru ya ɗaga murfin, in ya sami hanya ya fice sai murfin ya faɗo, tururi ya sake taruwa. Haka nan a jikin tauraro akwai sashen da, in aka matse shi, yakan ƙara toshe hanyar zafi. Zafi sai ya taru a ƙarƙashinsa ya tura shi waje. In ya buɗe ya huce, sai zafin ya wuce, nauyi ya komo da shi, a sake sabon zagaye.

Tsawon zagayen ya danganta ne da kaurin tauraro. Kamar yadda amon tambari ya fi na kalangu zurfi saboda girmansa, haka babban tauraro maras kauri ke numfashi a hankali. Rana na rawa a zagaye na kimanin minti 5, Betaljus kuwa babban zagayensa kimanin kwana 400 ne, yana kuma da ƙarami na kimanin kwana 200. Akwai zagaye na uku mai tsawon kimanin kwana 2,100, watau kusan shekara 6, wanda ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A 2024 ƙungiyoyi biyu na manazarta suka kawo hujjar cewa wani ƙaramin tauraro ne ke kewaya Betaljus a wannan tsawon lokaci, a 2025 kuma Steve Howell da abokan aikinsa suka ba da sanarwar sun hango alamarsa da madubin hangen nesa na Gemini da ke Hawayi.

3.2 Tafasar Fuska

Dalili na biyu shi ne tafasa. A gangar jikin jan ƙato zafi ba ya iya ratsowa a siffar haske kaɗai, sai gas mai zafi ya taso sama, ya huce, ya nutse, kamar yadda talge ke yi a tukunya. Rana ma na wannan tafasa, amma ƙurajen tafasarta ƙanana ne, kowane kimanin kilomita 1,000, kuma sun kai miliyoyi, saboda haka in wani ya yi duhu wani zai yi haske, jimillar ba ta canjawa. A 1975 Martin Schwarzschild ya yi lissafi ya nuna cewa a fuskar jan ƙato ƙurajen 'yan kaɗan ne, amma kowane na iya mamaye babban yanki na fuskar. Hotunan da aka ɗauka daga baya na Betaljus da Kalbu sun gaskata shi. In ƙurajen kaɗan ne, tasowar ɗaya ko nutsewarsa ta isa ta canja hasken tauraron gaba ɗaya. Wannan ne ya sa numfashin jajayen ƙatti ba ya bin ƙa'ida sosai: zagaye na nan, amma tafasa na dagula shi.

3.3 Ƙura

Dalili na uku shi ne ƙurar da tauraro ke yi wa kansa. Da yake riƙon fuska ba shi da ƙarfi, numfashi da tafasa kan jefa gas can nesa. In gas ɗin ya yi nisa ya huce zuwa ƙasa da digiri 1,500 ko kusa da haka, sai sinadaran silikon da oksijin da alminiyam da ke cikinsa su daskare su zama ƙura mai laushi. In gajimaren ƙurar ya gitta tsakaninmu da tauraro, sai mu ga ya dushe, kamar yadda hazon hunturu ke dusashe rana alhali ita ranar ba abin da ya same ta. Tauraron VY Canis Majoris misali ne: a farkon ƙarni na 19 ana ganinsa da ido, amma ƙurar da ya yi ta fitarwa ta rufe shi har ya zama sai da na'ura.

4.0 Dushewar Betaljus ta 2019 zuwa 2020

Edward Guinan na Jami'ar Villanova a Amurka da abokan aikinsa ne suka ja hankalin masana ga dushewar a watan Disamba na 2019. Tauraron da aka saba gani a daraja 0.5 ya sauka har daraja 1.6 a tsakiyar Fabrairu na 2020. Bayanai biyu suka yi takara, kowane da hujjarsa.

Masu cewa ƙura ce sun dogara da awon da Emily Levesque da Philip Massey suka yi a Fabrairu na 2020, inda suka sami zafin fuskar kimanin digiri 3,600, ragin da bai isa ya kawo irin wannan dushewa ba. Har ila yau Andrea Dupree, da madubin Hubble, ta ga gas mai zafi da kauri yana fita daga kudancin tauraron tsakanin Satumba da Nuwamba na 2019, watau dab da fara dushewar. Masu cewa hucewa ce kuwa sun dogara da awon Thavisha Dharmawardena da abokan aikinta, waɗanda suka duba tauraron da irin hasken da ƙura ba ta tarewa, suka ga can ma ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100.

Hotunan da Miguel Montargès da ƙungiyarsa suka ɗauka da babban madubin Turai da ke ƙasar Cile, waɗanda aka buga sakamakonsu a 2021, su suka sasanta tsakani. Sun nuna cewa kudancin fuskar ne ya yi duhu, kusan sau 10 fiye da yadda aka saba, arewaci kuwa bai canja sosai ba. Bayanin da ya fito shi ne: wani ƙaton ƙurjin tafasa ya taso daidai lokacin da tauraron ke kumbura, ƙarfin biyu ya haɗu ya jefa gas waje, wurin da gas ɗin ya baro ya huce, hucewar ta sa gas ɗin da ke samansa ya daskare ya zama ƙura. A 2022 Daisuke Taniguchi da abokansa a Japan suka binciki hotunan tauraron ɗan'adam na duba yanayi, Himawari-8, wanda Betaljus kan faɗo a gefen hotunansa, suka ga hucewa da ƙura sun yi tarayya kusan daidai wa daida.

Ashe dalilan nan uku ne suka haɗu a lokaci guda. Girgizar ta bar tabo, domin a shekarun da suka biyo baya zagayen kwana 200 ya danne na kwana 400, a 2023 kuma tauraron ya yi hasken da ya zarce na al'ada. Duk da haka babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci a ce wani abu ya canja a cibiya.

5.0 Shin Fuska na Samun Labarin Cibiya?

A nan ne gizo ke saƙa. Zafin da aka samar a cibiya ba ya isowa fuska nan take. Gangar jiki na buƙatar ɗaruruwan shekaru ko dubbai kafin ta daidaita da sabon hali. Matakan ƙarshe kuwa, kamar yadda muka gani a sashe na 2.0, shekara ɗaya ne, ko watanni, ko kwanaki, kuma yawancin ƙarfinsu niyutirino ke ɗauke da shi. Saboda haka tsohon ra'ayi shi ne cewa cibiya kan gama ƙonewa ta rufta fuska ba ta da labari, kuma jan ƙaton da ya rage masa shekara ɗaya ba shi da bambanci a ido da wanda ya rage masa shekara 100,000.

Wannan ne ya sa ake saɓani a kan Betaljus. Meridith Joyce da abokan aikinta, a 2020, sun gwada numfashinsa da lissafi suka ce yana matakin ƙunar hiliyam, da sauran kimanin shekara 100,000. Hideyuki Saio da nasa abokan, a 2023, sun ɗauki zagayen kwana 2,100 a matsayin numfashi na asali, suka ce tauraron ya fi girman da ake zato kuma yana ƙarshen ƙunar kabon. In ya tabbata abokin kewaye ne ke kawo dogon zagayen, to hujjar Saio ta raunana, kuma yawancin masana na tare da ra'ayin farko.

5.1 Shaidar Taurarin da Suka Fashe

Amma binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa tsohon ra'ayin bai game kowane tauraro ba. Ga misalai:

(a) SN 2010mc: an ga tauraron ya yi wata ƙaramar tartsatsi kimanin kwana 40 kafin fashewarsa.
(b) SN 2013fs: an ɗauki awon haskensa sa'o'i kaɗan bayan fashewa, aka ga tauraron na kewaye da gas mai kauri wanda ya zubar a kimanin shekararsa ta ƙarshe.
(c) SN 2020tlf: madubin Pan-STARRS a Hawayi ya ga jan ƙaton ya ƙara haske na tsawon kimanin kwana 130 kafin ya fashe.
(d) SN 2023ixf: Koichi Itagaki, mai sha'awar taurari a Japan, shi ya gano ta ranar 19 ga Mayu 2023 a galaksin M101, nisan shekarar haske miliyan 21. Tsofaffin hotunan madubin Spitzer sun nuna jan ƙato ne lulluɓe da ƙura, mai numfashi mai ƙarfi na kimanin kwana 1,000. Ba a ga tartsatsi ba, amma an sami gas mai kauri a kewayensa.

An kawo bayanai uku game da haka. Na farko, a 2012 Eliot Quataert da Joshua Shiode suka nuna cewa a lokacin ƙunar niyon da oksijin cibiya na tafasa da ƙarfin gaske, tafasar kuma na tayar da igiyoyi, kamar yadda dukan ganga ke girgiza ƙirjin mai sauraro. Igiyoyi sun fi zafi saurin tafiya, suna iya kai ƙarfin cibiya ga gangar jiki cikin ɗan lokaci, su kumbura ta ko su fizge wani sashe. Sai dai lissafin da ya biyo baya ya nuna cewa a yawancin jajayen ƙatti ƙarfin igiyoyin bai isa ya fizge abu mai yawa ba. Na biyu, Alexander Heger da abokansa a 1997, sa'an nan Sung-Chul Yoon da Matteo Cantiello a 2010, sun nuna cewa gwargwadon yadda tauraro ke ƙara haske yana rage nauyi, gwargwadon yadda numfashinsa ke ƙara zurfi, har ya riƙa watsar da gas da yawa a ƙarnukansa na ƙarshe. Na uku shi ne abokin kewaye. Binciken Hugues Sana da ƙungiyarsa a 2012 ya nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na taurari mafiya nauyi za su yi musayar gas da abokin kewaye a rayuwarsu, wannan musaya kuwa na iya tayar da tartsatsi.

5.2 Shaidar da ke Kira ga Hattara

Akwai kuma misalan da ke hana gaggawar yanke hukunci. Christopher Kochanek da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Ohayo sun bibiyi hasken taurari huɗu na shekaru kafin su fashe, suka bayar da rahoto a 2018 cewa ba su ga wani tashin hankali ba. A ɗaya ɓangaren, tauraron Eta Carinae ya yi tartsatsin da ya mai da shi na biyu a haske a duk sararin dare a 1843, ya zubar da gas mai nauyin fiye da rana 10, amma bai mutu ba. Tauraron N6946-BH1 kuwa ya ƙara haske a 2009, zuwa 2015 aka neme shi aka rasa, ana zaton ya rufta ne ya zama baƙin rami ba tare da fashewa ba. Sufanoba ta 23 ga Fabrairu 1987, wadda ta fi kowace kusa da mu tun bayan ta 1604, ta fito ne daga shuɗin ƙato, abin da masana da yawa ba su zata ba.

Ke nan akwai mai tartsatsi ya fashe, akwai mai tartsatsi ya rayu, akwai mai fashewa shiru, akwai mai ɓacewa.

6.0 Alamar da Ba ta Ruɗi

In haske na iya ruɗi, niyutirino ba ya yi, domin daga cibiya yake fitowa kai tsaye. Kimanin kashi 99 cikin 100 na ƙarfin ruftawar cibiya shi ke ɗauke da shi. A 1987 na'urori uku, a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet ta lokacin, sun kama ƙwayoyi ashirin da 'yan kai, sa'o'i biyu zuwa uku kafin a ga hasken fashewar. Ga jan ƙato ratar za ta fi haka, domin girgizar na buƙatar kusan yini guda kafin ta ratsa gangar jiki. Bugu da ƙari, ga tauraro na kusa kamar Betaljus, lissafi ya nuna na'urorin KamLAND da Super-Kamiokande a Japan na iya jin niyutirinon ƙunar silikon sa'o'i kafin ruftawar kanta. Ran da hakan ta auku, ana sa ran haskensa zai kai na rabin wata, a riƙa ganinsa da rana tsaka har tsawon watanni, kuma nisansa ya isa ya kare duniya daga cutarwa.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun ga cewa canjin hasken tsohon babban tauraro na da tushe biyu. Numfashi da tafasa da ƙura na gangar jiki ne, suna tare da jan ƙato na dubban ɗaruruwan shekaru; alamun tsufa ne, amma ba sa faɗin ranar mutuwa, kuma su ne suka dusashe Betaljus. Tartsatsi da zubar da gas mai yawa a watanni ko shekarun ƙarshe kuwa, an tabbatar da aukuwarsu ga wasu taurari, kuma su ne ke iya zama saƙon cibiya. Aikin da ke gaban masana shi ne rarrabe biyun tun tauraro na da rai, wannan kuwa sai da dogon awo na taurari masu yawa. Madubin Vera Rubin da ke Cile, wanda ya fitar da hotunansa na farko a Yuni na 2025, an gina shi ne domin ya riƙa ɗaukar sararin kudu a kai a kai har shekara 10, irin awon da wannan aiki ke buƙata.

A ƙarshe, akwai abin da malamai za su iya yi da ɗalibansu ba tare da kashe ko kwabo ba. Betaljus na bi ta kusan tsakar ka a ƙasar Hausa, ana ganinsa sarai da daren watannin Disamba zuwa Maris in hazo ya yi sauƙi. A gwada haskensa da na maƙwabtansa uku: Rijil mai daraja 0.1, Dabaran mai daraja 0.9, da Belatiriks mai daraja 1.6, wanda Betaljus ya yi daidai da shi a Fabrairu na 2020. A rubuta kwanan wata da abin da aka gani sau ɗaya a mako. Da irin wannan awo na ido Herschel ya fara, kuma ƙungiyar masu lura da taurari masu canjin haske da aka kafa a Amurka a 1911 ta tara awon Betaljus na fiye da shekara 100 daga hannun masu sha'awa, wanda da shi ne aka san cewa dushewar 2020 ita ce mafi zurfi a duk tarihin awon tauraron.